Komawa kan hanya: yadda za ka ɗora doguwar tafiya a motar kwana, ka bi ta kan tsofaffin abokai

Doguwar tafiya a motar kwana, wato irin motar nan mai gado da murhu da tankin ruwa da makewayi a cikinta, ba kasafai ake yin ta a jere daga farko har ƙarshe ba. Rashin lafiya, ko aiki, ko ƙarewar kuɗi, ko shigowar sanyi, ko cikar wa'adin biza, ɗaya daga ciki kan sa a ajiye motar a wani wuri a koma gida. Sai bayan wata shida ko shekara guda a ce lokaci ya yi. Inda mutane suka fi yin tuntuɓe shi ne su ɗauka za su ɗora daga daidai inda suka tsaya. Alhali mota tana lalacewa ko tana tsaye, takardu na ƙarewa, hannun direba ya manta faɗin motar, su kuma mutanen da ake marmarin gani rayuwarsu ta yi gaba. Da gangan na sa mutane a farkon wannan jagora, kafin mota.

Mataki na 1: Fara da saƙo, kafin ka buɗe inji

Baturi a yini ɗaya ake sayensa, taya ma haka. Yammaci guda na mutum mai aiki da iyali kuwa sai an nema tun da wuri. Saboda haka mako shida zuwa takwas kafin tashi, ka zauna da taswira da takarda, ka rubuta sunayen waɗanda kake son gani. Ka raba su gida biyu: waɗanda za ka karkata hanya takanas dominsu, da waɗanda za ka leƙa in hanya ta ratsa garinsu. Rukunin farko kada ya wuce mutum huɗu ko biyar. Wanda ya jera mutum goma sha biyar ba ziyara zai yi ba, rabon gaisuwa zai yi, kuma a gajiye zai isa wurin kowa.

Abin da ke da wuya a nan shi ne danna maɓallin aikawa. A shekarar 2024, Lara Aknin ta Jami'ar Simon Fraser a Kanada da Gillian Sandstrom ta Jami'ar Sussex a Ingila sun wallafa wani bincike kan wannan nauyin baki. Sun ba mutane lokaci su rubuta wa wani tsohon aboki, mutanen suna son yin hakan, suna da lambarsa, suna kuma kyautata zaton zai ji daɗi, amma waɗanda suka aika ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba. Kafin wannan, a 2022, Peggy Liu ta Jami'ar Pittsburgh a Amurka da abokan aikinta sun gano cewa mai aika saƙo yakan raina irin farin cikin da mai karɓa zai yi, kuma gwargwadon yadda saƙon ya zo ba zato, gwargwadon yadda ake jin daɗinsa. Wato kunyar da kake ji ta shekarun shiru, mafi yawanta a kanka take zaune, ba a kansa ba.

Saƙon ya zama gajere. Ka faɗi ko kai wane ne, domin ƙila lambarka ta ɓace masa. Ka faɗi lokacin da za ka ratsa, da ɗan abin da kake nema, sannan ka bar masa ƙofar da zai ce a'a ba tare da jin nauyi ba. Misali: "Mutumina, an kwana biyu. Ni ne wane. Zan biyo ta wajenku a mako na biyu na watan gobe, ina cikin motar da nake kwana a ciki, don haka ba sai ka yi wahalar masauki ba. In kana da sarari ko na awa biyu ne, ina so mu gaisa. In lokacin bai yi maka ba, babu komai, wani jiƙon." Kada ka cika shi da ban haƙuri kan daɗewar da aka yi. Shirun nan ku biyu kuka yi shi, kuma dogon ban haƙuri yana tilasta masa shi ma ya fara nasa.

In ka ji shiru, ka sake gwadawa sau ɗaya bayan kwana goma, ta wata hanya dabam, ko ta Facebook ko ta wani da ya san ku duka. Bayan nan ka ƙyale. Kada kuma ka faɗo wa mutum ƙofar gida da mota mai tsawon mita bakwai da sunan ba-zata.

Mataki na 2: Takardu

Wannan ba ya ɗaukar lokaci in an yi shi a zaune, amma yana cin kwanaki in a bakin iyaka aka tuna da shi. Duba ranar ƙarewar inshora, da takardar duba lafiyar mota, da harajin hanya, da lasisi, da fasfo. Ƙasashe da dama suna so fasfo ya kasance da sauran wata shida. Ka kira kamfanin inshora ka tabbatar ba su dakatar da kariyar ba saboda motar ta daɗe a ajiye, kuma ƙasashen da za ka shiga suna ciki.

In za ka ƙetare iyakoki, lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa iri-iri ne: akwai na yarjejeniyar Jeneba ta 1949, wanda yake aiki shekara guda, akwai na yarjejeniyar Biyana ta 1968, wanda kan kai shekara uku, kuma ba kowace ƙasa ke karɓar kowanne ba. Baƙo mai gajeriyar ziyara a yankin Shengen na Turai kwana 90 yake da su cikin kowane kwana 180, kuma baya ake lissafawa daga ranar da kake ciki, don haka kwanakin da ka yi kafin ka tsayar da tafiyar ƙila suna nan a kanka. In kuma a wata ƙasa ka bar motar, ita ma tana da nata wa'adin a wurin kwastan, wanda ba lalle ya yi daidai da naka ba. Wannan shi ya fi cizo, domin tara ce ko ƙwace mota.

Mataki na 3: Motar kanta

Kada ka murza makulli tukuna. Buɗe gaban motar ka duba da fitila. Ɓeraye suna son injin da ya daɗe bai yi zafi ba: su yi sheƙa a matatar iska, su ci wayoyi. In ka ga kashinsu ko tarkacen ganye da takarda, ka bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya. Leƙa ƙarƙashin motar ko wani abu ya ɗiga. Sannan ka duba baƙin mai, da ruwan lagireto, da man birki.

Irin wannan mota batura biyu gare ta, na tayar da inji da na ɗaki. Ka auna kowanne da mitar wuta bayan ya huta, ba a kan caji ba. Baturin dalma mai lafiya, cikakke, yana nuna bolt 12.6 zuwa 12.7. In ya nuna 12.2, rabi ya rage. In ya yi watanni a ƙasa da 12, to farantan cikinsa sun riga sun kama gishiri, kuma ko ya karɓi caji yau, ba zai riƙe ba. Gara ka canza shi a gida da ya mutu maka a inda babu shago. Baturin litiyam ya fi jure zama, amma ba a yi masa caji in sanyi ya kai digiri sifili ko ƙasa, sai dai in yana da abin ɗumama kansa.

Taya ita ce ta fi yaudara. Motar kwana ba ta cika cinye zanen taya ba, shekaru ne ke kashe tayar tun zanenta yana nan kamar sabo. A gefen kowace taya akwai rubutun da ya fara da DOT, lambobi huɗu na ƙarshensa su ne mako da shekarar da aka ƙera ta. In ka ga 2319, mako na 23 ne na 2019. Kamfanin Michelin yana ba da shawarar a riƙa kai taya wurin masani duk shekara da zarar ta kai shekara biyar ana amfani da ita, a kuma canza ta in ta cika goma, ko da ido bai ga aibinta ba. Ni a ganina, motar da kullum take ɗauke da cikakken kaya, kuma ta yi watanni tana tsaye a rana a kan gefe ɗaya na tayar, bai kamata a jira goma ba. Ka duba ƙananan tsagewa a gefe da cikin zane, ka auna iska tayar tana da sanyi, kada ka manta da safaya. In sitiyari ya ɗan yi rawa a kilomitocin farko, sau da yawa wurin da tayar ta zauna ne ya baje, kuma yakan daidaita in ta yi zafi. In bai daina ba, a duba.

Birki yakan yi tsatsa a tsaye, birkin hannu kuma yakan maƙale in an bar shi a ja. Ɗan ƙugi a taku biyu ko uku na farko ba abin tsoro ba ne. Amma in motar tana jan gefe ɗaya, ko wata ƙafa ta yi zafi fiye da sauran bayan ɗan zagaye, wannan aikin bakanike ne. Man birki yana shan laima daga iska ko ana tafiya ko ba a yi, shi ya sa yawancin masu ƙera mota ke cewa a canza shi duk shekara biyu. Mai mota mai nauyi da zai gangaro daga dutse ya ɗauki wannan da muhimmanci, domin ruwan da ke cikin man yana tafasa, sai ka taka birki ka ji shi laushi.

Fetur yana tsufa cikin 'yan watanni. Dizal ya fi jurewa, amma in ruwa ya taru a ƙasan tanki, ƙananan halittu kan hayayyafa a wurin su toshe matatar mai. In motar ta shekara a tsaye, canza matatar, ka kuma riƙe wata a ajiye. Bel ɗin taimin, wato bel ɗin da ke daidaita juyawar sassan cikin inji, shi ma da shekaru ake lissafa shi, ba da kilomita kaɗai ba. Littafin motar zai faɗa maka duka biyun, kuma wanda ya riga zuwa shi ake bi.

Mataki na 4: Ɗakin

Da ka buɗe ƙofa, hancinka zai ba ka labari. Warin rima yana nufin ruwa ya shiga ta wani wuri. Danna bango da yatsa a kusurwoyi, da kewayen tagogi, da cikin akwatunan sama. In ka ji laushi, katakon ciki ya fara ruɓewa. Hau sama ka duba roban da aka like tagar rufi da farantin sola da shi. Ƙaramar tsagewa a nan ita ke zama babban gyara.

Ruwan da ya kwana watanni a tanki ba na sha ba ne, ba ma na wanka ba ne. Ƙwayar cutar Lejiyonela tana yaɗuwa a ruwan da ke tsaye mai ɗumin digiri 20 zuwa 45, kuma ta hanyar shaƙar feshin ruwa take shiga huhu, wato a wurin wanka. Zubar da tsohon ruwan duka. Yadda aka saba wankewa shi ne a zuba bilic marar ƙamshi kimanin mililita ɗaya ga kowace lita ta ruwa, a cika tanki, a buɗe kowane famfo har sai an ji warinsa, a bar shi awa huɗu, a zubar, a ɗauraye har warin ya tafi. Amma ka fara duba littafin tukunyar ɗumama ruwa, domin wasu ba sa shiri da bilic, suna da nasu maganin. Bayan nan ka kunna tukunyar ta haura digiri 60.

Gas ɗin girki ba a yi masa ganganci. Duba ranar da ke jikin tiyo, ka lanƙwasa shi ka ga ko ya tsattsage. Shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa, in ya yi kumfa akwai yoyo. Wannan gas ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, don haka ramin da ke ƙasan akwatin tukunyar gas ɗin kada a toshe shi da kaya. Harshen wutar murhu ya zama shuɗi. In ya koma rawaya yana hayaƙi, ba ya ci daidai, kuma daga nan iskar kabon monoksaid ke fitowa, wadda ba ta da wari kuma tana kashe mai barci. Gwada ƙararrawarta da ta hayaƙi, ka sa musu sabon baturi, ka duba ranar ƙarewarsu, domin su ma suna tsufa. Mai nufar wuri mai sanyi ya san cewa gas ɗin girki mai suna butan yana daina tashi a wajen digiri sifili, mai suna furofen kuwa yana aiki har ƙasa da sifili da digiri 42.

Firjin da ke aiki da gas sai motar tana daidai ba ta karkace ba yake sanyi, kuma yana ɗaukar awanni, don haka ka kunna shi tun jajibirin tafiya.

Mataki na 5: Nauyi da kwanan gwaji

Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Tanki mai lita 100 kilo 100 ne, kafin a zo kan mutane da kekuna da tukwanen gas da tsarabar abokai. A Turai lasisin ƙaramar mota ya tsaya ne a kilo 3,500, kuma motocin kwana da yawa suna dab da wannan tun kafin a loda su. Loda komai yadda za ka yi tafiya, ka je ma'aunin manyan motoci, ka auna gaba dabam, baya dabam. Kaya masu nauyi su zauna ƙasa, tsakanin ƙafafun gaba da na baya.

Rubuta tsayi da faɗin motar a takarda ka manna a gaban sitiyari. Bayan watanni kana tuƙa ƙaramar mota, ka manta cewa kanka ya kai kusan mita uku, gada kuma ba za ta tuna maka ba.

Sannan ka yi kwana ɗaya ko biyu a wurin da bai fi tafiyar awa guda daga inda motar take ba. Ka yi girki, ka yi wanka, ka kunna abin ɗumama ɗaki, ka kwana a kan baturi kaɗai. Duk abin da zai ba da matsala, gara ya bayar a nan.

Mataki na 6: Tsara hanya a kan ranakun mutane

Yanzu amsoshin saƙonninka sun fara zuwa. Ranakun da abokai suka ba ka su ne turakun tafiyar, sauran kwanaki sai su kewaye su. Masu motocin kwana a Amurka suna da wata ƙa'ida da suke kira uku-uku-uku: kada a wuce mil 300 a yini, wato kusan kilomita 480, a isa masauki kafin ƙarfe uku na rana, a yi kwana uku. A makon farko na komawa, ni rabin wannan nisan zan ba da shawara. Ko direbobin manyan motoci a Tarayyar Turai, waɗanda tuƙi ne sana'arsu, doka ta tilasta musu hutun minti 45 bayan tuƙin awa huɗu da rabi. Kai ka tsaya duk bayan awa biyu.

Ka bar yini guda fanko kafin kowace ziyara. In mota ta ba da matsala, wannan yinin zai cece ka daga saɓa alkawari. In ba ta bayar ba, ka samu damar wanki, da zubar da ruwan datti, da barci, ka isa wurin mutum da fuskar da za a iya hira da ita. Haka kuma kada ka jera ziyara biyu a kwana biyu. Haɗuwa da wanda aka shekara goma ba a gani ba tana da daɗi, amma tana gajiyarwa fiye da yadda ake zato.

Mataki na 7: A ƙofar gidan aboki

Tun kafin ka iso ka gaya masa tsayin motar da tsawonta, ka tambaye shi inda za ta tsaya. Wasu unguwanni sun hana kwana a mota a bakin titi, wasu kuma maƙwabta ne ba sa so, kuma shi zai zauna da su bayan ka tafi. In wurin bai dace ba, nemi sansanin motoci mafi kusa ka zo da ƙafa ko da motar haya.

In ya ba ka wuta daga gidansa, caji da fitila kawai za ka ɗora mata. Abin ɗumama ɗaki da butar lantarki a kan doguwar waya su ke kashe wa mai gida wuta da tsakar dare. Ka iso da tankin makewayi a wanke, kada ka nemi zubar da shi a gidan mutane, ruwan wanke-wanke ma kada ya malala a harabarsu. Janareto kuwa ka bar shi a kashe.

Ka faɗi ranar tafiyarka tun ranar da ka zo. Baƙo raɓa ne, kuma mai gida ya fi sakin jiki in ya san yaushe za a tashi. Kwana biyu sun isa a karon farko. In sun ce ka kwana a cikin gida, ka duba fuskar iyalin duka, ba ta abokinka kaɗai ba. Kana da gadonka a waje, wannan shi ne babban alherin irin wannan tafiya: ka zo ba tare da an tashi wani yaro daga ɗakinsa ba.

Mataki na 8: Hirar

Mai doguwar tafiya yana zuwa da labarai cike da baki, kuma nan haɗarin yake. Hotuna ɗari uku na duwatsu da tafkuna ba su ne suka kawo ka ba. Zaɓi labari biyu ko uku, sauran sai an tambaya. Shi ma ya yi tasa tafiyar yana zaune wuri ɗaya: ya yi aure ko aurensa ya mutu, ya rasa iyaye, ya canza aiki, 'ya'yan da ka sani a goye sun fi ka tsayi. Tambaye shi, ka saurara. In ka ji an yi masa rasuwa a shekarun da ba kwa tare, ka yi masa ta'aziyya ko da ta daɗe, kada ka tsallake don kunyar ba ka yi a kan lokaci ba.

Tuna baya yana buɗe hira, amma ba ya riƙe ta fiye da awa guda. Bayan nan ku yi wani abu tare: ku taka, ku yi cefane, ka taya shi wani aiki a gida, ko ka zagaya da yaransa cikin motar su ga inda gado yake ɓuya. Maganar da ta fi nauyi sau da yawa a irin wannan lokacin take fitowa, ba a zaune ana kallon juna ba. In akwai tsohon saɓani a tsakaninku, kada ka tono shi a daren farko, kada kuma ka yi kamar ba a yi ba in shi ya ɗauko.

Wani za ka tarar kamar jiya kuka rabu. Wani kuma bayan awa biyu za ku ga babu sauran abin faɗa, ra'ayinku ya yi hannun riga, ko dai kawai kowa ya zama wani mutum. Wannan ba laifin kowa ba ne, kuma bai sa zuwan ya zama asara ba. Ka yi godiya, ka tashi a kan lokacin da ka faɗa.

Kafin ka tayar da mota, ku tabbatar lambobin da ke hannunku su ne na yanzu, ku ɗauki hoto ɗaya tare. In ka sauka a masauki na gaba, ka aika masa cewa ka isa lafiya, ka haɗa da hoton. Sannan ka buɗe kalandar wayarka, ka sa ranar da za ka kira shi bayan wata guda, da sunan abin da ya ce maka yana jira, ko sakamakon asibiti ne ko jarrabawar ɗansa, domin ka san da me za ka fara tambaya.